Kundin aiki: fim ɗin fatake da muke ɗauka a ƙasar Daura

Asabar, 16 Nuwamba 2024

Yau aka yi tantancewa. Tun makon jiya sanarwar ta shigo zaurenmu na 'yan wasa a WhatsApp, wai ana neman maza da mata don shiri mai dogon zango, labarin fatake na zamanin da, kuma ba a sayen fom. Maganar fom ɗin nan ce ta sa na bar wa yara shago na tafi. Wanda ya daɗe a harkar nan ya san irin tantancewar da ake tara samari da 'yan mata, a karɓi kuɗin fom, a ɗauki hoton kowa, daga nan shiru kamar an shuka dusa.

Ga wanda bai san ni ba, tela ne ni a Sabuwar Unguwa, nan Katsina. Daga wasan daɓe na makaranta na faro, na bi ta wasan rediyo, na shigo fim. Na fito a ɗan sanda, na fito a direba, na fito a abokin ango wanda aikinsa murmushi kawai.

A wani ɗakin taro aka yi, can wajen Ƙofar Ƙaura. Mutum uku ne a kan teburi: darakta daga Kano, furodusa ɗan nan garin, da marubucin labarin, wani siririn malamin makaranta da bai ce uffan ba duk yinin. Ana tambayar suna da unguwa, da ko kana da katin MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, sannan tambayar da a da ba a yi: mutum nawa ke bin ka a TikTok? Ban ji daɗinta ba, amma na san dalili. A YouTube za a sa shirin, yarinyar da ke da mabiya dubbai kuwa ta zo wa furodusa da 'yan kallo a hannu tun ba ta buɗe baki ba.

Takarda guda aka ba mu. Kai ne ɗa, ka dawo daga fatauci, za ka gaya wa mahaifinka rabin kaya ya tafi a ruwa wajen ƙetare kogin Kwara. Waɗanda suka riga ni shiga ihu suka yi ta yi, har da mai birgima a ƙasa. Ni durƙusawa na yi nesa kaɗan da kujerar da aka ce ita ce uban, na faɗi maganar kaina a sunkuye, don ban taɓa ganin ɗan da ya jawo wa ubansa asara ya zo yana ɗaga murya ba. Darakta ya ce, "Malam, sake, amma ka mai da hannuwanka baya, kada in gan su." Mu 'yan daɓe hannunmu ba ya zama, mun saba yi wa na layin baya bayani da jiki, kamara kuwa ga ta nan dab da hancinka. Na sake. Ya ce za a kira.

Laraba, 27 Nuwamba

Ina cikin yanka wata shadda furodusa ya kira. An ba ni Ilu, jagaban ayari, ɗan 'yar'uwar madugu. Ba shi ne jarumin shirin ba, jarumi daga Kano za a kawo shi, amma tunda Ilu ke gaba, kusan duk fitowar hanya yana ciki. Ba a taɓa ba ni mutumin da ke da uwa da mata da abin da yake tsoro ba sai yau. Ɗan sandan fim ba shi da uwa, shigowa yake ya tasa ƙeyar mai laifi ya fita.

An roƙe mu kada mu faɗi sunan shirin sai an saki tallarsa, don haka a nan fim ɗin fatake zan riƙa ce masa. Labarin yana faruwa tsakanin 1911 da 1912, daidai lokacin da layin dogo ya iso Kano. Kafin nan a kan jaki da kan mutum goro ke zuwa daga Gwanja, can ƙasar Ghana ta yanzu, tafiyar watanni, a tafi da kanwa da fatu da tufafin rini, a dawo da huhuna. Da jirgi ya zo sai goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da shi Arewa cikin kwanaki. Madugun labarinmu ya rantse sai ya sake kai ayari. Ilu ya san tafiyar asara ce, amma kawunsa ne.

Sharaɗi: daga yau aska ba za ta taɓa gemuna ba, kai kuma a riƙa aske shi ƙwal. Sallama ta kwana ce, ranar da ka yi aiki ita za a biya ka. Maiɗakina ta ce, "Malam, gemun dai na ji, kuɗin fa?" Na ce sai an fara.

Lahadi, 8 Disamba

An yi karatun labari a ofishin furodusa. Kashi shida kaɗai aka rubuta. Na tambayi marubuci yadda Ilu zai ƙare, ya ce, "Wallahi Yaya, ni ma jira nake." Ba wasa yake ba. A zamanin kaset da faifai labari na da farko da ƙarshe, a ɗauke shi, a kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, kowa ya kama gabansa. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe wannan kasuwa. Yanzu kashi-kashi ake saki, wanda 'yan kallo ke so a tsawaita masa kwana, wanda ba su damu da shi ba a haɗa shi da 'yan fashi a daji. Na yi ƙorafin yadda zan gina mutumin da ban san inda za shi ba, sai dattijon da zai fito a madugu, wanda duk muke ce wa Baba, ya ce, "Kai ka san naka ƙarshen ne?"

Sai maganar sutura, inda na kasa yin shiru. Mai kula da kaya ya zazzage jakunkuna biyu: riguna na yadin kanti, ɗinkin keke, wata har da zif a aljihu. Na ce masa ɗinkin keke ba ya ɓuya. Layinsa miƙe yake, tazarar zare ɗaya ce daga wuya har ƙasa, in kamara ta matso kafaɗar mutum duk tsohuwar da ke kallo za ta gane. Rigar bafatake ta saƙi ce, sirara-siraran ƙyallaye da faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, a jera a haɗa da allura. Furodusa ya ce ba shi da kuɗin saƙi na mutum ashirin. Muka daidaita: mutum biyar da kamara za ta riƙa matsowa kusa da su za a yi musu na gaske, ni zan haɗa da hannu, sauran a ba su na kanti a tsayar da su nesa. An ce wannan za a biya shi daban.

Lahadi, 22 Disamba

Na raka furodusa kasuwar Mai'aduwa neman jakai. Shi a lissafinsa goma zai saya, in an gama aiki ya sayar. Da ya ji farashi sai ya nemi wuri ya zauna. Fatar jaki ce ta jawo masa tsada, an yi shekaru ana kwasar ta zuwa ƙasar Sin ana haɗa magani, har ta kai a Fabrairun bana Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakai don fata. Haramcin dai bai dawo da waɗanda aka riga aka yanka ba. Ƙarshe wani dillali ya haɗa mu da masu ɗiban yashi a ƙauyen da za mu yi aiki, za su ba mu hayar shida, kowane da mai shi a biye. Darakta ya ce sun isa: su wuce gaban kamara, a zagayo da su ta baya, a canza musu kaya su sake wucewa.

Riguna uku sun haɗu. Sababbi fil suke, don haka na jiƙa su a ruwan bagaruwa da jar ƙasa, na shanya, na ba yaran shago suka yi ta dirzar wuya da gwiwar hannu da dutse. Wani mutum ya shigo da yadinsa, ya tsaya yana kallon ana lalata rigar da aka kwana ana ɗinkawa, ya mai da yadin cikin leda ya ce zai dawo.

Alhamis, 9 Janairu 2025

Mun tashi bayan asuba a bas biyu, ta Mashi, muka sauka daga kwalta kafin a shiga Daura. Darakta duwatsun wajen Batsari da gefen dajin Rugu ya so, don su suka fi kama da hanyar fatake, amma ba mai hankalin da zai kai mutum talatin da kamara can a wannan hali na 'yan bindiga. An riga an gai da hakimi, shi ya haɗa mu da mai gari. Baba ya shige gaba muka zube a zaure, ya ce, "Ranka shi daɗe, baƙinka ne, mun zo neman albarka." Mai gari ya ce abu biyu yake so: kada a shiga gidan kowa sai da izinin maigidan, kuma in an kira salla a ajiye kamara.

Abin da ya cinye yinin shi ne neman inda za a juya kamara ba a ga 2025 ba. Rufin kwano, farantin sola, jarkoki masu ruwan ɗorawa, ƙarfen sabis can nesa, da baƙar leda a kan kowace ƙaya. Yaran gari suka tsince ledojin aka sallame su. An gama jera kayan zango ke nan marubuci ya ce a tsaya, itatuwan nan bedi ne, wato dogon yaro, bedi kuwa sai a 1928 aka kawo shi ƙasar nan, ta Barno. Darakta ya ce wa zai lura? Marubuci ya ce shi. Aka kwashe mangaloli da taiki da tukwane aka koma gindin wata tsamiya da gawo biyu, cikin yashi mai kama ƙafa. Ina bayan marubuci a wannan, ko da yake ni na ɗauki akumari biyu a ka. Gawo a rani yake da ganye, inuwarsa ma ta fi kyau a hoto.

Fitowa ɗaya tak aka samu kafin rana ta faɗi: ina tafe gaban jakai, sanda a kafaɗa, ba magana.

Asabar, 11 Janairu

Sauti ne bala'in wurin nan. Iskar hunturu na dukan makirufo, in ta lafa injin niƙa ya tashi, in an roƙi mai injin ya kashe, da kuɗinsa, sai babur. Ga kuma manyan motocin aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Baba yana tsakiyar rantsuwa cewa jirgin Nasara ba zai taɓa tako ƙasar nan ba, sai ga ƙugin tifa. Har mai riƙe da sandar sauti sai da ya zauna don dariya.

Kowace safiya mai kwalliya ke zana mana tsagar fuska, yaron kwantiniti, mai lura kada kamanninmu su canza daga fitowa zuwa fitowa, na tsaye da hoton jiya a waya yana ƙirga layi-layi. Mukan gama shiri tun hantsi bai ɗaga ba, sannan mu zauna jiran jarumi ya taso daga otal, hasken safe mai kyau yana wucewa a banza.

Talata, 14 Janairu

Yau aka ɗauki sallamar Ilu da mahaifiyarsa.

A takarda an rubuta cewa uwa ta riƙe hannunsa tana kuka. Kowa ya san ba za a yi haka ba. A fim ɗin Hausa namiji ba ya taɓa mace ko da uwa da ɗa suka fito, tunda a zahiri ba muharramai ba ne, in ma an yi hukumar tacewa za ta sa a yanke. Abin da aka saba shi ne a tsayar da mutum biyu suna fuskantar juna, kamu biyu a tsakani, su yi ta zuba kalaman ban tausayi, a sa kiɗa a ƙasa. Darakta ya fara jera mu haka. Sai Hajiyar da ke fitowa a uwar, wadda muke ce wa Mama, ta ce, "Darakta, ɗan tsaya. Ilun nan ba ɗan fari ba ne?" Marubuci ya ce shi ne. Ta ce, "To wace uwa ce a ƙasar Daura, shekara ɗari baya, za ta tsaya ta kalli ɗan farinta ido cikin ido? Ko sunansa ba za ta kama ba."

Aka rushe aka sake. Ta zauna a bakin ɗaki ta ba ni gefe, tana kaɗi, mazari na juyawa. Na durƙusa daga bakin danga na ce, "Inna, za mu tashi." Ba ta ɗago ba. Ta ce wa ƙaramar yarinyar da ke kusa da ita, "Ke, gaya wa wancan ya ɗauki abin da ke cikin ƙwaryar can." Yarinya ta turo ƙwarya, ciki akwai curin gumba da laya guda an ɗinke ta da jar fata. Na rataya layar, na jira ko za ta ƙara wani abu. Abin da aka rubuta mata doguwar addu'a ce, har da ambaton kogi da 'yan fashi. Ta watsar da ita duka, ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," zaren ya tsinke a hannunta, ta duƙa tana neman bakinsa. Da na tambaye ta daga baya ko da gangan ta tsinka shi, sai ta ce in bar ta ta sha ruwa.

Ni abin da ya rage mini shi ne in miƙe in juya ban yi komai da fuskata ba, kuma wannan ya fi kuka wuya. Matan gidan da suka ba mu aron tsakar gida suna leƙe ta bayan rumbu. Da darakta ya ce kat, sai muka ji wata tsohuwa tana fyace hanci.

Mun daɗe muna kukan cewa hana taɓa juna ya ɗaure mana hannu. Wani lokaci haka ne, musamman in miji ya yanke jiki ya faɗi matarsa na tsaye tana salati ba ta iya ɗaga shi. Amma rabin matsalar daga marubuta ne, masu ɗauko zaman gida irin na fina-finan Indiya su rasa yadda za su yi da shi. Kunyar gidajenmu cike take da abin wasa, ba a dai zuwa ɗaukar sa.

Juma'a, 24 Janairu

An tsaya. Kuɗi sun ƙare, ga fitowar dare duka ba a taɓa ba, ga rabin kashi na biyar. Litar fetur ta haura naira 1,000, ga bas biyu, ga janareta, ga hayar jakai, ga cin mutum talatin safe da rana da dare. Furodusa ya tara mu ya faɗi gaskiya, ban ga laifinsa ba a nan. Ya biya masu jakai da masu girki cif, ya ce su ba 'yan fim ba ne, ba su san irin haƙurinmu ba. Mu rabi aka ba mu.

Don masu ce mini a shago ai mu dala muke ci: kafin tasha ta fara cin kuɗin talla a YouTube sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Tashar furodusanmu ta wuce nan, amma kuɗin wata ba ya shigowa sai wajen 21 ga watan da ke biye, kuma abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kai na mai kallo daga Saudiyya ko Ingila ba. Wato ka kashe naka tukuna, ka saki shiri, ka zauna jira. Yanzu furodusa zai shiga bin masu maganin gargajiya da 'yan kasuwar atamfa su sa talla a tsakiyar shirin. An ce mu tafi gida, kada kowa ya taɓa gashinsa.

Litinin, 10 Fabrairu

Wani kamfani a Kano na neman manajan banki, fitowa kaɗan, sallama mai kyau kuma a hannu. Yanzu ba sai ka je ba, bidiyo ake turawa. Muka rataya farin yadi a bangon shago, na ari kwat, yaro ya riƙe waya, na roƙi mai walda na kusa ya ba ni minti biyar. Da yamma suka kira: wasa ya yi, amma za ka rage gemu ka tara gashi? Na ce gemun ba nawa ba ne a yanzu. Suka ce to Allah ya haɗa mu a gaba.

Na gaya wa furodusanmu, don dai ya san abin da jiran nan ke ci. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, in sha Allahu mako mai zuwa." Abin da ba a sawa a lissafi ke nan: kwanan aiki ake biya, amma fuskarka an riƙe ta watanni. Manyan jarumai sun fi ƙarfin wannan, da kama ɗaya suke fitowa a shiri biyar ba mai ce musu kanzil.

Asabar, 22 Fabrairu

An samu kuɗi, mun koma tun Laraba. Rige-rige ake da azumi.

Hazo ya tafi. Rabin faɗan Ilu da madugu a bakin rijiya a Janairu aka ɗauke shi, sama fari fat, muna rawar ɗari. Ragowar jiya muka yi, sama garau, gumi na wanke tsagar da aka zana mini. Yaron kwantiniti ya tsayar da yara biyu ta inda iska ke tahowa suna sheƙa toka da faifai, muka yi ta tari, amma a allon kamara ya ɗan yi kama. Jakin da nake ja, mai farin baki, mai shi ya sayar ya yi wa ɗiyarsa kayan ɗaki. Wanda aka kawo ya fi duhu, kuma ba ya taku sai wani ya shiga gaba da kwanon dusa.

Babbar magana kuwa, yarinyar da ke fitowa a matar Ilu an sa ranarta, bayan ƙaramar salla, mijin kuma ya ce fim ya ƙare. Ba sabon abu ba ne a masana'antar nan, Allah ya sanya alheri. Marubuci ya kwana zaune, da safe ya zo da takarda biyu: matar Ilu za ta rasu wajen haihuwa yana kan hanya, labari ya iske shi a zango. Duk fitowarta da ta rage aka tattara aka ɗauka a yini guda, tana shiga ɗaki tana canza zane. Ni kuma na samu fitowar da ba ta cikin lissafi. Baba ya ce kada in saki igiyar mangalar da nake ɗaurewa, in bar mai kawo labarin ya gama magana, in ƙarasa ƙullina, in gwada ko ya ɗauru, sannan in zauna. Haka na yi.

Laraba, 12 Maris (12 ga Ramadan)

Na je Kano jiya na dawo yau, ta Kankiya da Bichi, da azumi a baki. An kira ni in sake ɗora murya a kan fitowar da iska da tifa suka ɓata. Ɗan ɗaki ne a wani bene, titin gidan Zu, an liƙe bango da soso. Aiki ne mai cin rai. Kana kallon bakinka a allo kana neman mai da maganar da ka yi wata biyu baya da irin numfashinta, alhali a lokacin tafe kake cikin yashi, yanzu kuwa a zaune kake maƙogwaro a bushe. Na roƙa aka bar ni na tsaya ina taka ƙafa a wuri ɗaya. Editan, wani yaro Bakano, ya so in sassauta harshe, wai Katsinancin ya yi yawa. Darakta ya ce a bar shi, daga Daura ayarin ya tashi ba daga Fagge ba.

Na ga kashi na farko an harhaɗa. Jakai shida sun zama ayari sosai, rigunan saƙi sun fito. A bayan Baba dai akwai wani mai cika fili da ya matso gaba da ɗinkin kekensa a kafaɗa.

Za a kai shirin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tunda can kamfanin darakta ke da rajista. Fargabar ita ce fitowar 'yan fashi. Tun 2021 hukumar ta hana nuna garkuwa da mutane a fim, marubuci kuwa ya sa an kama ɗan madugu ana neman fansa da goro. Iri biyu aka ɗauki fitowar don ko-ta-kwana.

Shago kuma ɗinkin salla ya taru har rufi. Na daina karɓa, sai sahur muke sauka daga keke.

Asabar, 5 Afrilu

An saki kashi na farko daren salla, Lahadi 30 ga Maris, na biyu kuma jiya. Da fitowar fashi ta biyu aka tafi, wadda ake kwashe kaya ba a kama kowa.

'Yan kallo sun rabu. Wasu sun ce shirin na tafiyar hawainiya, wasu na tambayar ina waƙa. Daga Maraɗi da Damagaram ake ta aiko da gaisuwa, da yawa suna cewa kakanninsu fatake ne. An yi maganar Mama da zarenta sosai. Amma wanda ya ƙwace shirin shi ne yaron da ke fitowa a mai dafa wa ayari abinci, wanda layi uku aka rubuta masa tun farko ya yi ta ƙarawa da bakinsa. Marubuci ya riga ya faɗaɗa shi. An turo mini kashi na bakwai da na takwas, Ilu na nan da ransa, gemu ya ci gaba. Furodusa ya biya kuɗin riguna da wani abu daga cikon sallamata, sauran sai kuɗin Afrilu sun shigo, wato bayan 21 ga Mayu.

Yanzu da damina ake tsere. Ruwa na sauka gari zai yi kore, ayarin da ya tashi a rani kuma ba zai kwana ɗaya ya tsinci kansa cikin shuka ba. Kashi na takwas ƙetare Kwara ne, darakta ya ce madatsar ruwa ta Sabke za ta wadatar in aka ɗauke ta daga ƙasa-ƙasa. Ran Alhamis za mu je a duba, a yi magana da masu kwalekwale. Na gaya masa tun wuri ban iya ruwa ba, ya ce iya gwiwa ne. Rigata da ta Baba kowace sai an yi mata ta biyu, don in an jiƙa ta farko aka ce a sake ba za a zauna jiran ta bushe ba. Na kai wa masaƙi kafin alƙalami da safen nan, ya ce mako biyu in zare bai yanke ba.